Akwatin da Ba Ya Jin Turmi

Sikonge, 9 ga Agusta, 1988

Zuwa ga 'yata Kalunde,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan kalau muke, sai gwiwar Innarki Nyamizi da ke tashi in an yi sanyi. Gyaɗa ta yi kyau bana, masara ce ta ba mu kunya.

Ba don masara na ɗauki fensir ba. Kunnena ne, Kalunde. Na daina ɓoyewa, tunda yanzu sai Innarki ta jefe ni da ɓawon gyaɗa kafin in san da ni take. Zazzaɓin bara ya tafi da na hagu, na dama kuma yana bin sa a hankali. Maganar mutane, in an ɗaga murya, ina kamawa. Abin da na daina ji shi ne zuma.

Kin san sana'ar gidanmu ta kiwon zuma, ko da yake ba ki taɓa taka zangonmu na daji ba. Kwana biyu ko uku kafin zuma ta rabu, rabin gida ya bi tsohuwar uwar zuma ya tashi, muryar amya takan sauya. Mahaifina Mihambo ya koya mini wannan murya da sarewar gidanmu, wadda aka yanka daidai da ita. In na kafa kunne a jikin amya na ji ta, sai in rataye amya fanko da na shafa wa kaki a bishiyar kusa, in zauna in jira. Wanda bai ji ba, zumarsa ta shiga amyar maƙwabci, ta zama ta maƙwabci, ba mai yi masa shari'a. Maƙwabcina kuwa Lugonda ne, ɗan ƙanin mahaifina, wanda bara sau shida yana karɓar baƙi daga layin bishiyoyina yana yi mini murmushi.

Ga inda abin yake. A zangonmu, ranar taron girbi cikin watan Yuni, wanda amyoyinsa masu rai ba su kai ashirin ba zai sauka daga layin bishiyoyinsa, ya miƙa sarewar gida ga wani cikin jininsa, layi kuma sarewa yake bi. Nawa goma sha bakwai ne. Ba ni da ɗa namiji a raye, Lugonda kuwa har ya fara tambayar Innarki ko sarewar ba ta shan damshi a inda nake ajiye ta.

An ce haɗa rediyo kike koyo. In rediyo na jin mutumin da ke Dar es Salaam daga nan, ban ga abin da zai hana a yi wanda zai ji zuma daga taku ɗaya ba. Ki yi mini kunne. Kada ki gaya wa kowa.

Kawunki,
Kapela Mihambo


Dar es Salaam, 18 ga Satumba, 1988

Shikamo Kawu,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni lafiya, sai 'yar mura da zafin garin nan. Ka gaida Inna, ka ce ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, ta kuma rage tsugunno a gaban murhu. Maganar kunnenka ta tsaya mini a rai. Na yi kuka a ɗakin karatu har mai kula da littattafai ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Amma bari in faɗi tawa. Ina shekara tara, ranar da za ku tafi zango, na riƙe bayan kekenka ina kuka, ka ɓamɓare hannuna ka ce mace ba ta shiga zango, ba ta busa sarewa. Da ka ɗauke ni, da yau kunne mai rai kake da shi, ba na gwangwani ba. Na faɗa, na huce.

Kunnen da ka nema na haɗa shi a ɗan akwati, yana hannun Bwana Ndalo mai duba tikiti a jirgin ƙasa, shi zai ba motar Sikonge in ya sauka a Tabora. Ka saka batir, ka manna bakin robar a jikin amya, ka kalli allura. In tana kwance, zuma na zaune. In ta miƙe ta wuce jan layi, ka rataye fankonka. Muryar da na saita shi a kai, a littafin wani masanin zuma na samo lambarta.

A tasha nake rubutun nan, jirgi ya kusa tashi. Cikakken bayani zai biyo ta gidan waya. Don Allah kada ka buɗe shi.

'Yarka,
Kalunde


Sikonge, 14 ga Nuwamba, 1988

Marahaba 'yata,

Muna lafiya, ruwa ya sauka, mun yi shuka. Gwiwar Innarki da sauƙi, bakinta ne dai babu sauƙi. Akwati ya iso. Wasiƙar bayanin da kika ce, har yau ban gan ta ba.

Kafin in yi tafiyar yini biyu zuwa zango da kaya, na gwada shi a gida kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Na ajiye shi kusa da turmi Innarki na daka, ƙasa har girgiza take, allura ko gezau. Na ari usur a wurin malamin makaranta na busa masa har yaran unguwa suka taru, allura na kwance abinta. Na yi masa ihu, ta ɗan motsa kamar mai jin kunyata. Innarki ta ce an aiko wa kurma ɗan'uwansa don su riƙa hira. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ban yi ba, don na karanta maganar keken nan sau uku, na ce ko ramuwa ce aka ƙunso mini a gwangwani.

Sai na kai shi wurin Fundi Songoro mai gyaran rediyo. Kin ce kada in buɗe, ban kuwa buɗe ba, shi ya buɗe. Ya ce aikin yarinya ne, ta yi ƙoƙari, amma ga wasu abubuwa biyu kamar ƙwayar gyaɗa, ɗaya ya tare wa sauti hanya, ɗaya yana zubar da shi ƙasa. Ya tsallake na farko da waya, ya datse na biyu. Nan take akwati ya warke. Ko tari na yi sai allura ta buga ƙarshe.

A zango ne na ga ta kaina. Kowace amya na manna shi, allura ta miƙe. Iska ta kaɗa, ta miƙe. Cikina ya yi ƙugi, ta miƙe. Fanko uku gare ni, na yi kwana tara ina hawa da su ina sauka daga wannan bishiya zuwa waccan, da shekaruna. Gidaje biyu suka rabu a inda ba na nan, suka shiga na Lugonda. Dage kuma, dabbar nan mai shan zuma, ya fasa mini guda ya shanye. Goma sha shida nake da su yanzu.

Lugonda ya gan ni da shi a kan reshe, ya tsaya a ƙasa yana tambaya ko rediyon na kamo ƙwallo. Wannan ne kunnen da kuke koyo a birni? Da farko ba ya jin komai, yanzu ba abin da ba ya ji. Ki gaya mini gaskiya, in ba ki iya ba, ba abin kunya ba ne.

Kawunki


Dar es Salaam, 6 ga Disamba, 1988

Shikamo Kawu,

Ina lafiya, mura ta tafi, mun gama jarrabawa. Ina gaida Inna. Allah ya sa shuka ta yi albarka. Na cika gaisuwa, yanzu ka yi haƙuri da abin da zai biyo baya.

Ka kashe mini akwati. Mako biyar na yi a kansa, ina roƙon malaminmu ya bar mini ɗakin gwaji bayan an tashi, kai kuma ka miƙa shi ga mutumin da duk abin da bai yi ƙara ba a wurinsa ya lalace. Kuma har ka zaci ramuwa ce. Wannan ya fi yi mini ciwo. Tunda wasiƙar bayani ta ɓace a hanya, ga shi na sake, ka karanta a zaune.

Kowane sauti kaɗawa ce. Na turmi yana kaɗawa a hankali, sau kaɗan a sakan ɗaya, shi ya sa yake da kauri. Na usur yana kaɗawa sau dubbai, shi ya sa yake siriri. Muryar da kake nema tana tsakani. Ka tuna yadda Inna ke fitar da tsaki? Rariya ɗaya ta tare manyan ƙwayoyi, ta biyu ta zubar da gari, abin da ya rage a tsakani shi take so. Haka akwatin yake, rariya biyu ce a jere.

Abin nan mai kama da ƙwayar gyaɗa sunansa kafasita, mai zobba masu launi kuma resista. Kafasita kamar ɗan ƙaramin tulu ne da wuta ke cikawa tana juyewa, resista ke sa shi cika da sauri ko a hankali. Kaɗawa mai nawa takan tarar ya riga ya cika, sai ta tsaya. Mai sauri kuwa ba ta ba shi damar cika, sai ta wuce. Kafasita na farko na sa shi a kan hanya don ya tare sauti mai kauri. Na biyu na sa shi a gefe don siririn sauti ya bi ta cikinsa ya zube ƙasa. Abin da Songoro ya gani daidai ne, sai dai aikinsu ke nan. Ya yage rariya biyun ya ce ya gyara. Da akwatin ya ƙi jin turmi, ya ƙi jin usur, lafiyarsa ce yake nuna maka.

Na haɗa sabo. Wannan karon na ƙara masa abu. Irin wannan rariya ba ta yanka kamar wuƙa, gefenta gangare ne, sautin da ke kusa da ƙofa yakan shigo da rauni. Na ji tsoron kada gunjin zuma na yau da kullum ya riƙa ɗaga allura, sai na jera matakai uku na matse ƙofar sosai a kan kaɗawa ɗari biyu da hamsin, lambar littafi. Murfin kuma na liƙe shi da dalma. In Songoro ya taɓa shi zan sani, kuma zan zo Sikonge da kaina.

'Yarka,
Kalunde


Sikonge, 29 ga Janairu, 1989

Marahaba,

Muna nan da rai. Ruwa ya yi yawa, ya cinye hanyar Tabora mako uku, shi ya sa kika ji ni shiru. Innarki ta yi zazzaɓi ta tashi. Ta ce in gaya miki bayanin rariya ya shige ta, ni ne dai ban taɓa tankaɗe ba.

Na karanta a zaune kamar yadda aka umarce ni. Na karɓi laifin Songoro, na haɗiye. Har na daina bi ta gaban shagonsa. Sabon akwati bai ji turmi ba, bai ji usur ba, na ce madalla, lafiyayyen kurma.

Na bi layina da shi amya goma sha shida, sau biyu. Allura na kwance. A bishiyar da ke kusa da suri, wadda kakanki ya sara wa alama da hannunsa, ta ɗan ɗaga kamar faɗin yatsa, ko rabin hanyar jan layi ba ta kai ba. Zuciyata ta ce mini in rataye fanko, don na ga zumar ta yi cincirindo a bakin ƙofa. Amma na tuna an ce in daina yin kaina, in bi allura. Na wuce.

Bayan kwana biyu ina dawowa daga rafi na ga sama ta yi duhu a kan surin. A gaban idona suka tashi, Kalunde. Na bi su da gudu, da tsufana, ina watsa musu ƙasa, suka tsallake layi suka shiga amyar Lugonda kamar an aika musu goron gayyata. Ya fito daga bukkarsa yana sakace, ya ce in gaida mai rediyo.

Wannan karon ba Songoro. Dalmarki na nan yadda kika liƙe ta, ki zo ki duba. Na tsaya a bakin rafi da akwatin a hannu na daɗe, abin da ya hana ni jefa shi batir ɗin sababbi ne. Saura rabuwar watan Afrilu kawai, daga ita sai taro. Ina neman huɗu. Ban san me zan ce miki ba, kuma ban san me za ki ce mini ba da ba ki riga kin faɗa da dogon bayani ba.

Kapela


Dar es Salaam, 17 ga Fabrairu, 1989

Shikamo Kawu,

Ina lafiya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Wasiƙarka ta yi kwana goma sha shida a hanya, na karanta ta a tsaye a bakin ofis, na kasa shiga aji.

Laifina ne. Na koma na ɗauko littafin nan, na duba abin da ya kamata in duba tun farko, wato inda aka rubuta shi. A ƙasar sanyi ne. Zumarsu manya ce, mai nauyin jiki. Tamu ƙanana ce, mai zafin rai, kuma ƙaramin fiffike ya fi saurin kaɗawa. Muryar tamu tana sama da lambarsu. Ɗagawar nan ta faɗin yatsa da ka gani, ita ce muryar tana shigowa ta gangaren gefe da ɗan abin da ya rage mata na ƙarfi. Da ban matse ƙofar ba, wataƙila da ta kai jan layi. Na yi wayo ne a inda ban sani ba, na matse ƙofa a wurin da ba nan baƙo zai biyo ba. Idonka ya fi allurata gaskiya a ranar, ni ce na hana ka bin sa. Ka yafe mini.

Gyaran ba wuya, resista kawai zan sauya. Amma ban san lambar ba, kuma ba littafin da ya san ta. Ba zan sake yin canke da zumarka ba. A duniya abu ɗaya na sani da ke riƙe da wannan murya, kai ma ka san shi.

Ka aiko mini da sarewar, tare da akwatin. Muna da na'ura mai zana sauti a gilashi, in an busa a gabanta sau ɗaya za ta nuna mini kaɗawa nawa ce. Tsawonta a zare ba zai wadatar ba, don na tuna Mama ta ce akwai kaki a cikinta da kaka ya daidaita ta da shi. Na san abin da nake roƙo. Na san ba ta taɓa kwana a wajen gidanmu ba. In bakin mace ne matsala, zan roƙi malaminmu ya busa, namiji ne, har da gemu. Washegari zan maido maka da ita.

In ka ƙi, ba zan ga laifinka ba, amma ba ni da wata dabara.

'Yarka,
Kalunde


Tabora, 8 ga Maris, 1989

Marahaba 'yata,

Lafiya muke. Na zo Tabora da kaina don in damƙa wa Ndalo kayan hannu da hannu. A kan gwiwata nake rubutu, motarmu na ɗumi.

Ga akwati, ga sarewa a cikin fatar da take. Kada baƙo ya sa mata baki, da gemu ko ba gemu. Ki busa da kanki. Ki busa a hankali, ba ta son ƙarfi.

Akwatin kawai za ki aiko. Sarewar kada ki maido mini da ita. Daga ranar da kika busa ta, ta bar hannuna.

Kawunki


Dar es Salaam, 21 ga Maris, 1989

Shikamo Kawu,

Ina lafiya, ina fata kun koma gida lafiya. Ina gaida Inna.

Na busa. Ɗari uku da biyar ne. Littafi ya ce ɗari biyu da hamsin, ka ga nisan da ke tsakani. Na cire resista masu zoben shuɗi da toka da ja, na sa ƙanana masu kore da shuɗi da ja, don in resista ya ragu ƙofa takan hau sama. Na sake busa sarewar a bakin robar, allura ta wuce jan layi ta tsaya cak. Na buga tebur, na busa usur, ba ta kula ba. Na ɗan sassauta ƙofar kuma, don zuma ba na'ura ba ce, wata za ta ɗan hau wata ta ɗan sauka. Ndalo zai taso da shi jibi.

Akwai abin da ban zata ba. Da sautin ya fito, na san shi. Shi Mama take yi a maƙogwaro in tana sheƙe masara, tun ina goye. Ashe ƙanwarka ta laɓe ta koya, ta mutu ba ta gaya wa kowa ba. Sai da na fita waje na sha iska kafin in iya karanta lambar.

Sauran maganar kuma na gane ta. Ba sai ka ƙara bayani ba. Bakin mace ya taɓa ta, ta ƙazantu, ba za ta sake shiga gidanka ba. Ka gwammace ka rasa ta da ka karɓe ta daga hannuna. To me ya sa ka hana malam ya busa? Don ka nuna mini abin da na jawo? Na yi wata bakwai ina ƙona yatsuna da dalma saboda kai, na karɓi laifina da bakina, sakamakon ke nan, layi uku a kan gwiwa.

Na naɗe ta a zanen Mama na sa a ƙasan akwatin kayana. In kun sami ruwan da ake wanke irin wannan dauɗa, ka aiko a karɓa. Allah ya ba ka huɗun da kake nema. Wannan ce wasiƙata ta ƙarshe a kan zuma.

Kalunde


Sikonge, 25 ga Yuni, 1989

Marahaba 'yata Kalunde,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an yi girbi, Innarki na gaishe ki. Wasiƙarki ta iso bayan na shiga daji, sai da na fito jiya na same ta. Innarki ta riga ta sa an karanta mata, ta tare ni tun daga bakin ƙofa, ko ruwa ba ta ba ni ba. Ta ce mutumin da ya iya cika takarda biyu a kan Songoro, da ya zo maganar da ta fi kowace sai ya yi layi uku. Ta yi gaskiya, kuma na ji ta sarai, don a kunnen dama ta faɗa.

Akwati ya yi aiki. Ranar farko da allura ta wuce jan layi ban yarda ba, na kashe na kunna. Na rataye fanko, na zauna kwana biyu, suka fito suka shiga kamar gidan ubansu. Sau uku haka. Na ukun a bishiyar suri ne, Lugonda na tsaye yana kallo, bai tambayi ƙwallo ba. Goma sha tara.

Na huɗun ya zo, amma ba a layina ba. Ina wucewa ta iyakar Mzee Ngassa, shugaban zango, na manna akwatin a wata amyarsa don gwaji, allura ta miƙe. Bishiyata tana taku talatin daga wurin, fanko yana kafaɗata. Da na rataye na yi shiru, da ashirin ke nan, kuma ba mai cewa na karya doka. Sai na ga fuskar Lugonda a jikina, na tafi na gaya wa tsohon. Ya ce shi bai ji komai ba, amma ya rataye nasa, ya kama. Kada ki ce dabara na yi. Kasawa na yi, kuma na zagi kaina har bukka.

Ranar taro aka ƙirga, goma sha tara. Na ce na sauka. Lugonda ya miƙe ya goge hannunsa a riga ya miƙo mini don karɓar sarewa.

Na ce, "Ba ta wurina."

Ya ce, "Wa ya sace ta?"

Na ce, "Ba sata. Tana hannun mai ita tun watan Maris. Kalunde, 'yar ƙanwata Kashindye, jikar Mihambo."

Wuri ya kaure. Lugonda ya ce mace ba ta busa sarewa, kowa ya sani. Wasu suka goya masa baya, har da waɗanda na yi zaton nawa ne. Ngassa ya bar su suka gaji, sannan ya tambaye ni ko kin busa. Na ce kin busa, har kin ƙirga ta. Ya tambaya ko wannan gwangwanin da ya ji zumarsa lokacin da shi bai ji ba aikinki ne. Na ce naki ne. Ya ce shi abin da ya gada shi ne layi na bin sarewa, sarewa na bin jini, kuma an yanka ta ne don a sami mai jin murya a gida. Ya ce gidan Mihambo ya samu. Sabon mai layi kuma ba a yi masa ƙirga sai bayan shekara biyu. Lugonda bai tsaya cin tuwon ugali ba.

Yanzu ki koma ki karanta layi ukun nan. Tun a tashar Tabora na san da wuya in kai ashirin. Sarewa ba a aronta, 'yata, ba a kuma busa ta a mayar. Wanda aka ce ya busa, an ba shi. Haka mahaifina ya yi mini, bai ƙara ko kalma ba, na zaci ke ma za ki gane. Na manta cewa ni na hana ki zuwa inda ake koyon irin wannan. Dauɗar da kika ambata babu ita. In akwai, a hannun da ya ɓamɓare naki daga keke take.

Maganar Kashindye kuwa, na sani. A bayan rumbu take laɓewa, ina ganin ƙafafunta, ban taɓa faɗa wa Baba ba. Ta fi ni kunne tun muna yara.

Bishiyoyi naki ne, da amya goma sha tara. Ni yanzu mai yi miki gadi ne, ni da ɗan'uwana kurma. Amma ba a riƙe layi daga birni, dole mai shi ya zo ya sara alamarsa a ƙarƙashin ta kakansa kafin ruwa ya sauka. Ki rubuto mini ranar hutunku. Na sa an ɗaure matashi a bayan keke. Tafiyar yini biyu ce, ki zo da takalmi mai rufi, da batir, da sarewarki.

Kawunki,
Kapela Mihambo